Wai "lighten" haske take nufi ko rage nauyi?

Sadiya_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. A taimaka a raba min gardama. Ina shirin sake zana WAEC, jiya a lesin malaminmu ya ba mu wani gajeren labari na Turanci, ya ce mu faɗi ma'anar wasu jimloli da Hausa don ya ga ko mun gane. A ciki akwai "The load lightened as we got closer to the village." Ni kuwa na miƙe da ƙwarin gwiwata na ce kayan sun yi haske da suka kusa ƙauye, don a tunanina gari ne ya fara wayewa har suka fara ganin kayan. Aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce kayan sun rage nauyi ne. To amma a farkon labarin an rubuta "the sky lightened", kuma a nan shi da bakinsa ya ce gari ya fara haske. Ta yaya kalma ɗaya a shafi ɗaya za ta zama haske a sama, ta koma rashin nauyi a ƙasa? Ni dai gani nake ba a yi min adalci ba.

Dan_Kurna:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, malaminku ya fi ki gaskiya, ki haƙura. Kaya ba ya haske, sai dai in kwan fitila kuka ɗauko.

Malam_Nahawu:
Sadiya, ba ki yi abin dariya ba, tambayarki ma ta masu lura ce. Abin da ya rikita ki shi ne ba kalma ɗaya ba ce, kalmomi biyu ne suka sa riga iri ɗaya. Turanci yana da "light" mai nufin haske, yana kuma da "light" mai nufin abu marar nauyi, abin da za ki ɗaga ki ji shi shafal. Asalinsu daban. Ta haske 'yar uwar "lux" ce ta Latin, ta rashin nauyi kuma danginta "levis". A Jamusanci har yau ba su haɗe ba: haske "Licht", marar nauyi "leicht". A Turanci ne tun zamanin tsohon harshen suka yi kama da juna har suka zama ba a bambance su a baki ko a rubutu.

To kowace a cikinsu sai aka liƙa mata "-en" a ƙarshe don a mai da ita aikatau. Shi ya sa "lighten" ta zama biyu: a sa abu ya yi haske ko shi da kansa ya yi haske, da kuma a rage wa abu nauyi ko shi da kansa ya rage nauyi. Abin da za ki riƙa dubawa shi ne wane abu ake magana a kai. Sama, fata, gashi, launi, ɗaki, hoto, duk haske ne. Kaya, jaka, aiki, haraji, hukunci, duk nauyi ne.

Bazazzagiya:
Kamar dai "gari" a Hausa kenan. Garin Zariya da garin tuwo.

Malam_Nahawu:
@Bazazzagiya kusan haka, Hajiya, amma namu da sauƙi. Mu a rubutu ne kawai suke kama, a baki garin tuwo ana jan wasalin farko, garin Zariya ba a ja. Haka wuyan riga da wuyar aiki, karin sauti ya raba su. Na Turawan nan ko Sarkin Ingila ne ya furta, iri ɗaya za ki ji.

Tsohon_Hedimasta:
Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci a firamare da ƙaramar sakandare, kuma hanyar da na ga ta fi shiga kan yara a wannan "-en" ɗin ita ce a nuna musu cewa Hausa ma tana yin abin. Faɗi, faɗaɗa: wide, widen. Zurfi, zurfafa: deep, deepen. Kaifi, kaifafa: sharp, sharpen. Ƙarfi, ƙarfafa: strength, strengthen. Tsawo, tsawaita: length, lengthen. In ka jera musu haka a allo sai ka ga fuskarsu ta washe. To haske, haskaka, ita ce "lighten" ta farko. Sauƙi, sauƙaƙa, ita ce ta biyu.

Sai dai yaro mai wayo zai ɗauka ko'ina ake liƙawa. Na sha ganin "greenen" da "bluen" a takardar jarrabawa. Akwai blacken, whiten, redden, darken, amma kore da shuɗi ba su karɓa. Sai a ce "turn green".

Dan_Kurna:
Ranka ya daɗe Hedimasta, me ya hana kore karɓa? Ko shi ma wariya ake nuna masa?

Tsohon_Hedimasta:
Harafin ƙarshe ne, ɗana. Wannan ɗafin yana son gajeriyar kalma mai gaɓa ɗaya wadda ta ƙare da sauti irin su t, d, k, p, f, s. In ta ƙare da wasali ko n, m, l, r, ba ya zama. Shi ya sa ba a cewa "coolen" ko "warmen". Kuma shi ya sa "long" da "strong" suka bi ta bayan gida, suka koma length da strength tukuna suka karɓa.

Ummu_Haidar:
Ni tawa matsalar daban ce. Lightening, lightning, lighting. Wallahi duk "laitin" nake jin su. Na taɓa rubuta wa ƙawata cewa "lightening" ya kashe shanu a ƙauyenmu da damina, mijinta ya karanta ya ce ashe shanun ma bilicin suke yi.

Jikan_Mai_Goro:
😂😂 Allah ya jiƙan shanu.

Malam_Nahawu:
@Ummu_Haidar ki riƙe harafin e. Mai e a tsakiya, "lightening", daga kalmar da muke magana a kanta take, gaɓa uku. Marar e, "lightning", ita ce walƙiya, gaɓa biyu. "Lighting" kuma fitilun da aka sa a ɗaki ko a wurin biki. Abin da zai ba ki sanyi shi ne kuskurenki yana da tarihi: ita walƙiyar daga "lightening" ta fito, e ɗin ne ya faɗi a hanya. A tsohon rubutu ma za ki ga "it thundered and lightened", wato an yi tsawa da walƙiya, amma yau ba mai faɗin haka a hira.

Wani abu kuma, mu muna cewa tsawa ta faɗa wa bishiya, ko aradu ta faɗi. Bature ba ya cewa thunder ta faɗa wa abu, lightning yake cewa ta buga. Masu fassara suna yawan tuntuɓe a nan.

Issoufou_Maradi:
Sannunku 'yan Najeriya. Mu da muka yi lakwal da Faransanci ba mu da wannan ciwon kai. Haske "éclaircir", rage nauyi "alléger", kowa da gidansa. Lokacin da na fara koyon Ingilishi a lise, malaminmu ya rubuta "lighten" ya sa kibiya biyu, ɗaya zuwa kowace. Amma abin mamaki mu ma walƙiya "éclair" muke ce mata, dangin "éclaircir" ce. Kun ga can ma walƙiya da haskakawa uwa ɗaya ta haife su.

Ungozoma_Hajo:
Bari in kawo muku wadda ba ku ambata ba. A makarantar koyon ungozoma akwai "lightening" a darasin ƙarshen ciki. Shi ne abin da matanmu suke cewa ciki ya sauka, ko ciki ya yi ƙasa. Kan jariri ne yake gangarowa ya shiga ƙugu. Ga mai cikin fari yakan faru kamar mako 2 zuwa 4 kafin haihuwa, ga wadda ta saba haihuwa kuwa wani lokaci sai naƙuda ta tashi. Mace takan ji numfashinta ya sake, ƙwannafi ya ragu, tana iya cin abinci sosai, amma fitsari ya ƙaru kuma tafiya ta koma ta agwagwa.

Ranar da aka fara koya mana, wata a ajinmu ta ɗauka ana nufin hasken da wasu masu ciki suke yi. Ba haske ba ne, ta rashin nauyin ce, don uwar tana jin kamar an sauke mata wani abu daga ƙirji. Alhali in za a ɗora ta a sikeli ko giram ɗaya bai ragu ba.

Sadiya_Gwammaja:
Anti Hajo kin ga ni! Ashe ba ni kaɗai ba ce. Har masu karatun asibiti.

Dan_Kurna:
Ki daina neman abokan kuka, ki koma ki yi karatu.

Hajiya_Mai_Kayan_Kwalliya:
Tunda Ummu Haidar ta taɓo bilicin, bari in ce wani abu, don ni a shagona nake ganin wannan kalmar kullum. "Skin lightening", "whitening", "toning", "brightening", "glow". Yarinya za ta zo ta ce Hajiya ni ba na bilicin nake so ba, na toning. In ka juya bayan kwalba sai ka ga sau da yawa abu ɗaya ne a ciki. An zaɓi "lightening" ne don ta fi "bleaching" daɗin ji, "bleach" ai abin wanke bayan gida ne da farin yadi. Yanzu ita ma "lightening" ɗin ta fara wari. A 2020 Unilever suka canza sunan Fair & Lovely ya koma Glow & Lovely, suka ce za su cire kalmomi irin su fair, whitening da lightening daga jikin kayan. L'Oréal ma suka yi irin wannan sanarwa a shekarar. Sunan ya canza, mai saye dai abin da take nema bai canza ba.

Ni dai ba na ajiye mai haɗi. Abin da ake gudu shi ne hydroquinone mai yawa, da mercury, da magungunan steroid da ake zubawa a ciki. NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Ku dubi gaɓoɓin yatsun masu yi, fuska fara, guiwar yatsu baƙa.

Zango_Kumasi:
Gaskiya ne Hajia. Nan Gana tun 2016 hukuma ta hana shigo da man shafawa mai hydroquinone, amma je kasuwar Kejetia ka gani. Kuma nan ma "toning" ake cewa, ba mai yarda tana bleaching.

Jikan_Mai_Goro:
An fara da kayan da aka ɗauko zuwa ƙauye, an ƙare a kwalbar mai. Zauren nan sai Allah.

Bitrus_Kafanchan:
Bari in dawo da ku kan hanya. Duk ma'anonin biyu tsofaffi ne, ni a coci na fara jin su ban ma san Turanci sosai ba. A addu'ar yamma ta Anglican akwai wurin da ake cewa "Lighten our darkness", wato ka haskaka duhunmu. A fassarar King James ta 1611 kuma, Ayyukan Manzanni sura 27, lokacin da guguwa ta taso wa jirgin da Bulus yake ciki, an rubuta "they lightened the ship". Ba fitila suka kunna ba, kaya suka zubar a teku, daga baya har alkama, don jirgin ya rage nauyi. Haka ma a labarin Yunusa, matuƙan sun watsar da kaya saboda wannan dalilin. Sadiya, in da ke ce a jirgin da kin ce a kawo ashana.

Abu_Maryam:
Malam Bitrus ya tuna min. Masu karanta fassarar Alƙur'ani ta Turanci za su ci karo da ita a Suratun Nisa'i aya ta 28, inda Larabcin ya ce "yukhaffifa ankum". Da yawa daga masu fassara "lighten" suka sa, mu kuma a Hausa muna cewa ya sauƙaƙa muku. Haka a Anfal aya ta 66. Larabci bai haɗa su ba, khaffafa (sauƙaƙa) daban, nawwara (haskaka) daban. In ɗalibi ya san wannan, sai ya tambayi kansa: takhfifi (sauƙi) ake nufi ko nuru (haske)? Shi kenan.

Apapa_Boy:
Ni aikin fito nake a Legas. Akwai Kirikiri Lighter Terminal, akwai na Ikorodu. Da na zo sabo na ɗauka wurin sauke laitar kunna sigari ne, wallahi. Ashe "lighter" wani faffaɗan kwale-kwale ne da ake sauke wa babban jirgi kaya a ciki, don in jirgi ya yi lodi da yawa yakan nutse sosai, ba zai iya shiga inda ruwa ba zurfi ba. Sai an rage masa ya ɗago. Aikin kuma "lightering" muke ce masa. Laitar sigari daga haske, laitar teku daga nauyi.

Bazazzagiya:
To ni tambayata, in mutum ya rame ko ya rage ƙiba, zai iya cewa "I have lightened"? Tunda nauyi ya ragu.

Malam_Nahawu:
A'a Hajiya, kada ki faɗa. "I have lost weight" ake cewa. In kika ce "I have lightened" za a tsaya ana kallon fuskarki, a ɗauka kin fara hulɗa da shagon su Hajiya Mai Kayan Kwalliya.

Hajiya_Mai_Kayan_Kwalliya:
Malam ka kiyaye ni, na ce ba na sayar da haɗi.

Injiniya_Sokoto:
Ba wanda ya yi maganar "lighten up", kuma ita ce aka fi ji a finafinai. Ma'anarta saki ranka, daina ɗaure fuska, abin bai kai haka ba. Amma ku yi hattara da wanda za ku faɗa wa. A wani wurin da na taɓa aiki, ogana ya shigo yana faɗa a kan rahoton da ya makara, ni kuma don in nuna na iya Turanci na yi murmushi na ce "Sir, lighten up." A zatona kamar in ce Allah ya huci zuciyarka ne. Ofis ya yi tsit. Sai da na rubuta takardar ba da haƙuri. Magana ce ta tsara da tsara, kuma ko a tsakanin tsara tana iya zama kamar ka ce wa mutum ya cika ɗaukar zafi a kan banza.

Tsohon_Hedimasta:
Injiniya, ai ka ci sa'a da aka tsaya a takarda. Kamar ka ce wa surukinka "kai dalla share" ne.

Mai_Fenti_Tudun_Wada:
Ni ban yi boko mai zurfi ba amma a wurin aiki na san bambancin nan. In injiniya ya ce "lighten the colour", fari zan ƙara a bokiti, shuɗi mai duhu ya koma ruwan sararin samaniya. In ya ce "brighten the room" ba lallai fari yake so ba, yana iya son rawaya mai ɗaukar ido, ko a ƙara taga. In rana da ruwan sama suka ci bango kuma, wannan "fade" ne, koɗewa. Uku ne daban.

Dan_Kofar_Mata:
Haka yake a karofi. Mu baba ba a sa shi ya yi haske, sai dai ka rage yawan tsomawa. Tsomi kaɗan shuɗi mai haske, kana ƙarawa kana shanyawa iska na bugunsa yana ƙara duhu har ya kusa baƙi. Turawa masu zuwa kallo suna tambaya "does it lighten after washing?" Nufinsu ko yana zuba. Mu "zuba" ko "koɗe" za mu ce, ba za mu ce ya yi haske ba, don in ka ce wa mai saye zane zai yi haske sai ya ɗauka yabo ne.

Lauya_Ba_Kotu:
Ni fa ina bayan Sadiya, a wani ɓangare. Ƙa'idar Malam Nahawu ta duba abin da ake magana a kai tana aiki ga kaya da sama. Amma "her mood lightened" fa? Ko "his heart lightened"? Ko "he told a joke to lighten the atmosphere"? Zuciya ta yi haske ne ko an sauke mata nauyi? Mu a Hausa muna da farin ciki da baƙin ciki, muna cewa zuciyata ta yi fari, wannan launi ne. Muna kuma cewa na ji sakayau, kamar an sauke min dutse, wannan nauyi ne. Bature da ya ce "lightened" a nan bai zaɓa ba, ya jefi tsuntsu biyu. Mai fassara ne ake bari da aiki.

Malam_Nahawu:
Lauya, zuciya ta nauyi ce. Hujjata kishiyarta: suna cewa "heavy heart", kuma "light-hearted" kishiyar "heavy-hearted" ce. In ka rasa gane wace ake nufi, nemi kishiya. In "darken" ta dace, haske ne. In "heavy" ta dace, nauyi ne.

Lauya_Ba_Kotu:
To ai suna cewa "his mood darkened", suna kuma cewa "the mood was heavy". Duka biyun sun dace. Sai ka sake wata hujjar, Malam.

Malam_Nahawu:
A kan "mood" na sallama maka. A kan "heart" ban sallama ba.

Abu_Maryam:
Ni da za a ba ni "her mood lightened" ba zan sa haske ko nauyi ba. Ranta ya yi sanyi zan ce, ko ta saki ranta. Hausa sanyi take ji a inda Bature yake ganin haske.

Issoufou_Maradi:
Mu nan Maraɗi "hankalinta ya kwanta" za mu ce.

Lauya_Ba_Kotu:
Kwanciyar hankali bayan tsoro take zuwa, ɗan'uwa. Wannan kuwa bayan ɓacin rai ne ko ɗaurewar fuska. Ba ɗaya ba ne.

Ummu_Haidar:
Ni dai a taimaka min da furuci. Wannan "gh" ɗin na tsakiya aikin me yake?

Tsohon_Hedimasta:
Yau ba ya aikin komai, 'yata, zaman fansho yake kamar ni. A da ana furta shi daga maƙogwaro, kusa da kha ta Larabci, irin yadda Jamusawa suke yi a kalmomin da Malam Nahawu ya kawo. Sautin ya mutu, rubutun ya zauna. Sadiya ki lura da wannan, irin su light, night, fight, weight suna fitowa a Test of Orals, wato takardar furuci ta WAEC, wurin haruffan da ba a furtawa.

Sadiya_Gwammaja:
Na gode Baba Hedimasta, na gode kowa. Na koma na sake karanta labarin a nutse. Ashe jarkokin ruwa da guzuri suka ɗauko, suna tafe suna ci suna sha, shi ya sa kayan suka rage nauyi. Na yarda malam ya yi daidai a wannan. Amma ga jimlar ƙarshe ta labarin, ita ce aikin gida da ya ba mu zuwa Litinin: "When she saw her mother at the gate, her face lightened." Me zan rubuta?

Malam_Nahawu:
Fuskarta ta washe. Wannan ta haske ce, kishiyarta "her face darkened".

Lauya_Ba_Kotu:
Ko kuma ta saki fuska. Fuskar da aka ɗaure tun safe ana tafiya da kaya a ka, sakinta aka yi, ba fitila aka haska mata ba.

Dan_Kurna:
Rubuta duka biyun, ki sa "ko" a tsakiya. In ya soke ɗaya ki kawo mana takardar nan zaure.

Hajiya_Mai_Kayan_Kwalliya:
Komai za ki rubuta dai kada ki ce ta yi fari.